Sojan Ƙarfe da Tushensa: Gam Kaɗai Ba Ya Riƙewa

 Sharhinmu na yau zai kai mu teburin wasu masu wasa a Ingila da Amurka da ƙasashen Turai, mutanen da ke jera 'yan sojojin ƙarfe suna sake buga yaƙe-yaƙen tarihi da na ƙage. Ba a kan wasan kansa za mu daɗe ba. Za mu sunkuya ne mu duba ƙarƙashin ƙafar sojan, inda aka haɗa shi da ɗan faifan da yake tsaye a kai, wato tushensa. A wannan ɗan wuri ne wahalar watanni ke tsayawa ko ta zube. Abin da nake so in tabbatar muku kafin lokacinmu ya cika shi ne, gam komai tsadarsa ba ya ɗaukar nauyin ƙarfe shi kaɗai. Aikin da aka yi kafin a buɗe bakin gam, shi ke riƙe soja.

Ga wanda bai taɓa gani ba, bari in kwatanta masa. Tebur ne, galibi ƙafa shida a tsaye, ƙafa huɗu a kwance, an shimfiɗa masa koren ƙyalle, an dasa 'yan tsaunuka da itatuwa da gidaje. Mutum biyu ne, kowa da rundunarsa. A ma'aunin da ya fi yaɗuwa, tsayin soja milimita 28 ne, akwai kuma na milimita 15 da waɗanda ba su kai haka ba. Da tef ake auna tafiyar runduna, a jefa 'ya'yan ludo don a san harbi ya samu ko ya kuskure. Wani yana buga yaƙin Waterloo na 1815, wani yaƙin Omdurman na 1898 a Sudan, wani kuma yaƙin da ba a taɓa yi ba a wata duniyar ƙage. Sojojin nan kuwa ba a shirye ake sayo su ba. Tsuran ƙarfe ake saya, mai shi ya goge, ya haɗa, ya zauna da siririn buroshi ya yi wa kowanne fenti, har maɓallan riga da maɗaurin bindiga. Soja ɗaya kan ci awa guda ko fiye, cikakkiyar runduna kuwa sai ta ci watanni.

Abin yana da tushe a tarihi. A 1824 wani hafsan sojan Prussia, a Jamus ta yau, mai suna von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan Kriegsspiel don horar da hafsoshi. Da 'yan tubala ja da shuɗi ake yin sa a kan taswira, tubali kuwa ba ya faɗuwa. A 1893 kamfanin W. Britain na Landan ya fara zubin sojojin dalma masu rami a ciki, suka yi araha suka shiga gidaje. Da irinsu ne marubuci H. G. Wells ya tsara wasan da ya wallafa a littafinsa Little Wars a 1913, inda ake harbin sojoji da 'yar igwar wasa, wanda ya faɗi ya mutu ke nan. A wasan Wells faɗuwar soja ita ce abin nema. Amma daga shekarun 1950, lokacin da Jack Scruby ya fara zuba wa masu wasa sojoji a Kalifoniya, zuwa 1962 da Donald Featherstone ya fitar da littafinsa War Games a Ingila, 'ya'yan ludo suka maye gurbin igwa, fenti ya ƙara kyau, faɗuwar soja ta koma asara. Aka kafa Citadel Miniatures a 1979, wasan Warhammer ya fito a 1983, har birnin Nottingham da kewayensa ya zama cibiyar wannan sana'a, inda kamfanoni irin su Games Workshop da Warlord Games da Perry Miniatures suke har yau.

To me ya sa tushe ya zama dole? Na farko, soja mai ƙafa biyu siriri ba ya tsayuwa da kansa. Na biyu, tushen wani ɓangare ne na dokar wasa. Daga bakinsa ake auna nisa, kuma idan tushe ya taɓa tushe, to faɗa ya haɗu. A wasan De Bellis Antiquitatis da ya fito a 1990, an ƙayyade faɗin gaban kowane tushe milimita 40 ga sojojin milimita 15, a jera biyu ko uku ko huɗu a kai gwargwadon irin rundunar. Saboda haka sojan da ya rabu da tushensa ana tsakiyar wasa, ya bar wurinsa ba kowa, ya kuma jawo gardama a kan inda yake tsaye. Na uku, tushen shi ne abin da ya kamata yatsa ya kama, don kada gumin hannu ya cinye fenti.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ƙarfen da ake zuba sojojin nan da shi a yau, mafi yawansa kuza ne da ɗan gaurayen wasu ƙarafa. Nauyin kuza ya ninka na robar da ake yin sojojin roba kusan sau bakwai, na dalma kuwa ya haura sau goma. Duk wannan nauyi a sama yake, a ƙirji da kai da garkuwa da mashi, alhali tafin ƙafar da ya taɓa tushe bai wuce 'yan milimita ba. Wani sojan ma an zuba shi yana gudu, ƙafa ɗaya ce a ƙasa. Idan hannun riga ya shafi kan mashinsa, tsawon jikinsa sai ya ninka ƙarfin bugun kafin ya isa ƙafa. Idan ya faɗo daga tebur, nauyinsa ne zai fizge shi daga tushen. Sojan roba kan faɗo ya yi tsalle ya kwanta lafiya. Na ƙarfe kan faɗo ka ji ƙas, tushe ya yi gabas, soja ya yi yamma, takobi ya lanƙwashe, fentin hanci da gwiwar hannu ya ɓare har farin ƙarfe ya bayyana.

Abin da sabon shiga ke yi a bayyane yake: ya ɗauko sufa gulu ya ɗiga, ya danna, ya ƙirga goma, ya ce an gama. Idan ya ɓalle sai ya ƙara gam a kan tsohon gam. Ya kamata mu fahimci halin wannan gam. Wani masanin haɗa sinadarai a Amurka, Harry Coover, ya ci karo da shi a 1942, aka sake gano amfaninsa a kamfanin Eastman Kodak a 1951, aka fara sayar da shi a 1958 da sunan Eastman 910. Danshin da ke cikin iska da kan abin da za a liƙa ne ke sa ya daskare, kuma ya fi ƙarfi idan shimfiɗarsa siririya ce tsakanin fuskoki biyu da suka haɗu sosai. Idan ka ja shi a miƙe yana da ƙarfi ƙwarai. Amma yana da gautsi, ba ya jure bugu daga gefe ko murɗawa, su ne kuwa abin da soja ke gamuwa da su kullum a kan tebur da cikin akwati. Yawan gam ba ya magance wannan. Kaurin gam ƙarin gautsi ne, ga kuma wani farin hazo da tururinsa ke bari a kan fenti.

To daga ina gyara ke farawa? Daga wanka. Sojojin nan a cikin mazubin roba ake zuba su, faifai biyu da ake haɗawa a juya su da gudu, narkakken ƙarfe ya watsu cikin ramukan. Kafin zubi ana barbaɗa wa mazubin hoda don ƙarfe ya gudana ya kuma fita ba tare da mannewa ba. Ragowar wannan hoda na nan a jikin soja lokacin da ya iso hannunka, ga maiƙon yatsun duk wanda ya taɓa shi. Wanda ya sa gam a haka, hoda ya liƙa wa tushe, ba ƙarfe ba. Ruwan ɗumi, sabulun wanke kwanuka, tsohon buroshin haƙori, a cuɗa musamman ƙarƙashin ƙafa, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai. Aikin minti biyu ne, amma shi aka fi tsallakewa.

Bayan wanka sai daidaita ƙasa. A shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen bisa, a riƙe soja a tsaye, a goga ƙafarsa a hankali har ƙasan ta koma sumul tana ƙyalli. Sannan a tsayar da shi a kan tushe ba gam. Idan yana rawa, to bai zauna ba, a koma kan samfefa. Idan ya zauna daram, sai a ɗauki tsinin wuƙa a yi 'yan zane-zane masu gicciye juna a tafin ƙafar da kuma inda za ta sauka, don gam ya sami abin kamawa. Idan kuma an riga an yi wa tushen fenti ko an barbaɗa masa yashi, dole a kankare daidai wurin ƙafar har a isa ainihin jikinsa. Gam ɗin da aka sa a kan fenti, iyakar ƙarfinsa ƙarfin fentin nan ne. Sau da yawa idan ka duba ƙafar sojan da ya ɓalle, za ka tarar gam bai saki ba, yana nan riƙe da ɓawon fenti da ƙwayoyin yashi.

Sojojin ƙarfe iri uku ne ta fuskar ƙafa, kowanne da yadda ake bi da shi. Na farko shi ne wanda aka zuba da ɗan dandamalinsa a ƙarƙashin ƙafa, kamar yawancin sojojin tarihi. Wannan ya fi sauƙi, don fuskar da za ta kama gam tana da faɗi. A goge ƙasansa ya daidaita, a liƙa shi a kan faifan katako ko na roba ko wosha ta ƙarfe, sannan a cike gefen dandamalin da kwaɓin cike giɓi don kada ya fito kamar yana tsaye a kan tudu. Masu wasa a Birtaniya da dama kwabbai suke amfani da su: kwabo ɗaya faɗinsa ya ɗan haura milimita 20, kwabo biyu kusan milimita 26. Tun 1992 kwabban nan da baƙin ƙarfe ake yin su a shafe da jan ƙarfe, don haka maganaɗisu na kama su. Riba biyu ke nan: nauyi ya sauko ƙasa soja ya daina kifewa, sannan idan aka shimfiɗa maganaɗisu a gindin akwati, runduna za ta yi tafiya a tsaye ba mai gogar wani.

Na biyu shi ne mai ɗan harshen ƙarfe da ya haɗa ƙafafu biyu ta ƙasa, wanda ake zurawa cikin tsagar da aka yi a tushen roba. Citadel ce ta yaɗa wannan tsari a tsakiyar shekarun 1980 da sunan Slottabase. Dabara ce mai kyau, amma sau da yawa harshen ya fi tsagar siranta, sai soja ya riƙa lilo. Kada a cika giɓin da ruwan gam, zai zurare ne ya liƙe tushen da tebur. A kama harshen da filaya a ɗan karkata shi kaɗan, yadda sai an danna zai shiga, ya ciji gefen tsagar da kansa. Sai a sa gam, a juya tushen, a cusa kwaɓin cike giɓi ta ƙasa a rufe abin da ya rage. Yanzu ƙarfe ne ke riƙe da roba, gam taimako kawai yake yi.

Na uku shi ne wanda ya fi ba da wahala, kuma a kansa nake so mu ɗan daɗe: sojan da ba shi da komai a ƙarƙashin ƙafa, ko wanda mai shi ya yanke harshen don ya ɗora shi a kan tushen da aka ƙawata da duwatsu. Maganin wannan ɗaya ne, a dasa masa ƙusa. Maƙeri ba ya liƙa ruwan fartanya a jikin ƙota, sai ya huda ƙotar ya zura tsinin ƙarfen a ciki. Haka ake yi wa soja.

Kayan aikin ba su da yawa: ɗan mahujin hannu da ake murzawa da yatsu, bakinsa mai kaurin milimita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, sai waya mai irin wannan kauri. Wasu na sayen sandar tagulla, da yawa kuwa kilif ɗin takarda suke miƙarwa. A zaɓi ƙafar da ta fi kauri, a duba inda dunduniya ta haɗu da sangali, don a nan ƙarfe ya fi yawa. A fara yin ɗan ɗigo da tsinin wuƙa, in ba haka ba bakin mahujin zai zame. Sai a ɗora shi a fara murzawa a hankali, ba dannawa, ana bin miƙewar ƙafar. Za ka ga siririn zaren ƙarfe yana fitowa a nannaɗe yana ƙyalli. Bayan 'yan juyi a zaro a kakkaɓe, don ƙarfen yana da laushi, yana cushe bakin mahuji ya kama shi ya karye a ciki. A ɗora yatsa a gefen idon sawu. Idan ka ji ƙarfe ya fara kumbura a ƙarƙashin yatsanka, to ka kauce hanya, ka kusa ɓullowa ta gefe, ka tsaya. Zurfin milimita huɗu zuwa biyar ya wadatar ga soja mai tafiya a ƙasa. Kada a yi wannan da injin lantarki mai gudu, zafinsa da saurinsa sun fi ƙarfin ƙafar da ba ta kai kaurin ashana biyu ba.

Rami ya samu, sai a ɗan kankare wayar da samfefa, a shafa mata gam, a zura, a bar ragowa a waje. Don a san inda za a huda tushe, a ɗiga fenti a kan tsinin wayar, a saukar da soja a yadda ake so ya tsaya, ɗigon zai nuna wurin. A huda har ya ɓulla. Yawancin tushen roba suna da rami ta ƙasa, to a nan sirrin yake: a zura wayar ta fito, a lanƙwasa ta ta kwanta a jikin tushen, a rufe ta da gam mai ƙarfi. Sojan da aka yi wa haka, kafin ya rabu da tushensa sai dai tushen ya fashe. Wanda kuma ba shi da mahuji, idan sojansa mai harshe ne, kada ya yanke harshen duka. Ya bar ɗan guntu a ƙarƙashin kowace ƙafa, ya goge shi da magagari ya zama turaku biyu, ya huda musu wuri a tushe.

Doki ya fi kowa neman kulawa. Jikinsa da mahayinsa nauyi ne mai yawa a kan ƙafafu sirara, wani lokaci biyu kawai ke ƙasa. Kuza idan ta lanƙwashe aka miƙar, ta sake lanƙwashewa aka sake miƙarwa, wata rana sai ta karye a wurin. Don haka ake dasa ƙusa a ƙafar baya mai kauri, wani lokaci a ƙara wata waya daga cikin dokin zuwa ƙasa a ɓoye ta da ciyawa ko dutse. Haka mai ɗauke da tuta, wanda nauyinsa ya karkata gefe ɗaya, sai an liƙa masa wosha a ƙarƙashin tushe. Masu yin duwatsu da ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe kwalba da shi kuma, su sani cewa ba ya riƙe komai, yagewa yake. Dole ƙusa ta ratsa shi ta isa tushen na ainihi.

Sai yanzu muka zo kan zaɓen gam, kun ga a ƙarshe ya zo. Ga ƙaramin soja da aka wanke aka goge aka sa wa ƙusa, ɗigon sufa gulu ya isa, a gefe ɗaya kawai. Yana kamawa cikin daƙiƙoƙi, amma cikakken ƙarfinsa sai ya kwana. A busasshiyar iska irin ta hunturu yakan yi jinkirin kamawa saboda ƙarancin danshi, sai a ɗan huci wurin da baki kafin a haɗa. Ga manyan kaya, doki ko igwa ko giwar yaƙi, gam mai haɗi biyu irin Araldite, wanda kamfanin Ciba na Suwizalan ya fitar a 1946, shi ya fi. A matso haɗin biyu daidai wa daida, a gauraya sosai har launi ya zama ɗaya. Yana cike giɓi, yana kuma jure bugu. Mai saurin kamawa cikin minti biyar yana da daɗin aiki, amma mai jinkirin nan da ke kwana ya fi shi ƙarfi, sai dai a tokare sojan kada ya karkata kafin gari ya waye. Inda ƙafa da tushe suka ƙi haɗuwa sosai, masu sana'ar na da wata dabara: ɗigon gam, ɗan mitsitsin danƙo mai haɗi biyu irin Kneadatite, shuɗi da rawaya da ake murzawa ya koma kore, ko Milliput da ake yi a Wales, sannan wani ɗigon gam, a danna. Danƙon ya cike duk wani lungu, gam ya kama ɓangarorin biyu. Abubuwa biyu kuma a bar su: gam ɗin haɗa roba da roba, wanda narkar da roba yake yi kuma ba ya taɓa ƙarfe, da farin gam na kafintoci, wanda aikinsa a nan liƙa yashi da ciyawa ne kawai.

Na san wani zai ce, malam, mai soja ɗari biyu yaushe zai huda ƙafa ɗari biyu? Gaskiya ne, kuma ba kowanne ke buƙata ba. Mai faffaɗan dandamali wanka da guga sun ishe shi. Amma mai ƙafa ɗaya, da mahayi, da mai tuta, da duk wanda aka ɗora a kan dutse, minti biyar na huda ya fi araha a kan awannin sake fenti, wanda kuma da wuya launinsa ya koma daidai da na farko. Wani kuma zai ce ai zamanin ƙarfe ya wuce, manyan kamfanoni sun koma roba. Games Workshop kam ta fara janye ƙarfe tun 2011. Sai dai ƙananan kamfanoni masu yawa har yau da ƙarfe suke zubi, don mazubin roba da ake zuba ƙarfe a ciki ya fi mazubin ƙarfe da ake zuba sojojin roba a ciki araha nesa ba kusa ba, shi ya sa rundunonin tarihi da ba su da masu saye da yawa a ƙarfe kawai ake samunsu. Ga kuma tsofaffin sojoji da ke yawo daga hannu zuwa hannu shekara talatin, arba'in. Idan irinsu ya zo maka a ɓalle, kankare tsohon gam gaba ɗaya har ƙarfe ya fito kafin ka sa sabo.

Maganar tsofaffin sojoji ta kawo mu kan abin da ya fi fenti muhimmanci, wato lafiya. Kafin shekarun 1990 yawancinsu da gaurayen dalma aka zuba su. A 1993 jihar New York ta yunƙura hana dalma a cikinsu, kamfanoni irin su Ral Partha suka koma ƙarfen da ba dalma, Games Workshop ma ta bi sahu a 1997. Amma tsofaffin suna nan, wasu ƙananan masu zubi ma ba su daina ba. Mu ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba, mun ga abin da ƙurarta ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ƙurar soja ɗaya ba ta kai ko kusa da wancan ba, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ta fi cutarwa. A jiƙa samfefa kafin a goga don kada ƙura ta tashi, a share teburin da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannu kafin a ci abinci, kada a yi aikin inda ake girki, kada a bar yaro ya sa soja a baki. Wajen yanke waya a rufe tsinin da yatsa ko a juya shi ƙasa, don guntun kan yi tsalle ya nufi ido. Sufa gulu kuma kada ya haɗu da auduga, yana ɗaukar zafi har ya ƙona fata. Idan ya liƙe yatsu kada a fizge, a jiƙa su cikin ruwan ɗumi da sabulu a murza a hankali.

Jama'a masu sauraro, abin da ke burge ni a wannan sana'a shi ne, duk wanda ya zo kallo fenti yake yabawa, ba mai juya soja ya duba ƙasansa. Amma wanda ya san aikin, can ya fi ba wa lokaci, don ya san hannaye da yawa za su ɗauki sojan nan, zai shiga akwati ya fita, zai hau mota ya sauka. Ƙa'idar kuma ba ta tsaya a teburin wasa ba, duk mai haɗa ƙaramin ƙarfe da wani abu zai amfana da ita: a wanke, a daidaita, a karce, a dasa ƙusa inda nauyi ya fi ƙarfin ƙafa, sannan a sa gam kaɗan a ba shi kwana guda. Washegari a gwada kafin a taɓa buroshi. A kama tushen a girgiza, a ɗan tura kan sojan da yatsa. Idan ya motsa ko kaɗan, a ɓalle shi a sake tun yanzu da babu fentin da za a yi asara.